Ku Yi Ta Dariya, Fijo Dai Tana Kai Mu Gida

Na ji ku, samarin Sabon Birni da Isa. Kun ce duk mai yabon tsohon inji a yau, ko dai tsufa ya cim masa ko kuɗin sabuwar mota ya gagare shi. To, ku gyara zama, yau da ku nake.

Bari mu fara da Amurkawan da kuke kallo a waya. A 1969 kamfanin Dodge yana sayar da Charger mai injin Hemi, silinda takwas, lita bakwai, ƙarfin doki 425. Ba kwamfuta ko ɗaya a cikinsa, kafireta ce da fulogi da ƙarfe zalla. Dokar hayaƙi ta 1970 da tsadar mai ta 1973 suka karya kasuwar irin waɗannan motoci, amma har gobe jikokin masu su na sauke injin a garejin gida su ɗaura da hannunsu. Su kuna ce musu gwanaye, ni kuwa ɗan ƙauye. Allah ya isa tsakanina da wayarku!

Mu namu gwarzon Fijo 504 ce, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975. Ƙarfinta bai kai doki 100 ba, na yarda. Amma ku je gindin bedi ku ga bakanike ya shimfiɗa buhu, ya jera fistin huɗu da ringi da bawul, yaronsa na wanke su da fetur a tsohon kwano. Bututun da fistin ke gudu a ciki ma zare shi ake yi a sa sabo, ba sai an jefar da gangar injin ba. Sifana, guduma, sabon gasket da kunne mai ji, shi ke nan. In ta tashi, ya kara sukudireba a kunne ya saurara, ya ce, "Alhaji, ja abarka."

Ku fa? Kun ce taku ba ta shan mai, ga sanyi, ga gudu. Gaskiya ne, Mustang ta yanzu mai silinda huɗu kacal tana ba da fiye da doki 300. Ban musa ba. Amma ranar da 'yar fitilar gargaɗin nan ta kama a gaban sitiyari a kasuwar Gangara, wa zai duba? Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci kafar da ake jona na'urar gano cuta, kuma irinsu ne ake shigo mana da su ta Kwatano. Sensa ɗaya ta ji ƙura, ƙwaƙwalwar mota ta yi fushi, inji ya ƙi tashi. Bakanike ya leƙa, ya ga wayoyi kamar taliya, ya rufe bonet ya ce, "Yallaɓai, wagga sai Sakkwato." Ga kuɗin janwe ta Goronyo, ga jiran kaya daga Ƙofar Ruwa ta Kano. In kuwa injin ya buga, ba mai batun gyara, sai dai a nemo wani na Beljiyam a ɗora.

Na san abin da za ku ce: a hanyar Isa ta yanzu, saboda rashin tsaro, ba mai son mota ta tsaya masa ko na minti ɗaya, kuma sabuwa ba ta cika tsayawa ba. Nan kam kun kama ni. Allah ya kawo mana zaman lafiya. Sai dai ku ƙarasa zancen: in tawa ta tsaya, a busa kafireta a goge fulogi mu wuce. In taku ta tsaya fa?

Ko taubasanmu Yarbawa, da duk kurinsu na iya kanikanci, in sun ga irin taku sai sun aika a kira mai kwamfuta. Don haka mu yi sulhu. Ku tura ƙannenku su koyi aikin na'urar nan, mu samu gwani a Gobir mu huta da zuwa birni. Kafin nan, ku ajiye lambata. Akwai igiya a but ɗina, kuma Bagobiri ba ya karɓar kuɗin ja daga yaro, sai dai gaisuwa da durƙuso.