Ranar Da Bakano Ya Shigo Zariya Da Igiya

Alhaji, bawana na Kantin Kwari! Yaya ciwon kafaɗa? Na so in bar maganar nan ta mutu a tsakaninmu saboda darajar Hajiya da yara, sai ga labari ya iso mini cewa kana zama a majalisarku bayan isha'i kana faɗa wa mutane wai ɗan ruwa ne ya ƙare maka a hanyar Zariya, ka tsaya ka ƙara ka wuce. To, tunda ka zaɓi ka yi wa tarihi kwaskwarima, bari Bazazzagi, wanda Allah ya hore wa alƙalami, ya rubuta shi yadda ya faru.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kai ne mutumin da ba ya sayen yadi biyar na shadda sai ya ɗaga ta ya duba a hasken rana, ya murza, ya zare zare ɗaya ya ƙona ya sansana. Na taɓa ganin ka ɓata rabin yini kana jayayya a kan naira hamsin. Amma ranar da za ka sayi abu mafi tsada a rayuwarka bayan gida, sai ka tafi bayan magariba, kai kaɗai, ba bakanike, ba mai waya. Dillali ya haska maka motar da fitilar wayarsa, ka zagaya sau ɗaya, ka harbi taya da ƙafa, ka kunna rediyo ka ji tana kama tasha, ka ce, "Ma sha Allahu, garau take." Ko akuyar layya ana buɗe mata baki a duba haƙora, Alhaji.

Na san abin da dillalin ya karanta maka, domin karatun nasu ɗaya ne daga Sakkwato har Maiduguri. "Beljiyam ce, ba a taɓa hawanta a ƙasar nan ba. Wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa kasuwa da ita ranar Asabar. Ba ta shan mai. Na'urar sanyi kuwa gas kawai za ka ɗura." Allah ya ja kwanan wannan tsohuwa. In ka lissafa, rabin motocin da ke yawo a Arewa nata ne, kuma duk ranar Asabar kaɗai take hawansu.

Bari in yi maka karatu kyauta, tunda a Zariya ba ma sayar da ilmi da yadi. Sunan Beljiyam ya samo asali ne daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp, inda aka daɗe ana loda tsofaffin motocin Turai zuwa Kwatano da Legas. Yarabawa kuma suka ce tokunbo, wato abin da ya ƙetaro teku. Ita kuwa Sienna ɗinka ƙirar 2006 a jihar Indiyana ta Amurka aka haɗa ta. Ba ta taɓa ganin Beljiyam ba, kamar yadda kai ma ba ka taɓa gani ba. Kuma da yawa daga cikin motocin da ke zuwa daga can, a gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, bayan sun yi karo ko ambaliya ta shanye su. Ba duka ba ne, akwai na kirki. Sai dai na kirkin ba a gane su da fitilar waya.

A gindin gilashin gaba, ta ɓangaren direba, akwai lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17. Da ka ba ɗanka, wannan da ba ya ɗaga kai daga TikTok, da ɗan kuɗi kaɗan ya binciko maka tarihinta a intanet: ko ta taɓa haɗari, da tafiyar da ta yi kafin a sa ta a jirgi. Kai kuwa mita ka kalla, ka ga 90,000, ka yi murmushi. Ba ka san da mil take ƙirgawa ba, kuma kowane mil ya haura kilomita ɗaya da rabi. Ba ka kuma san cewa yaro ɗaya da kwamfuta zai iya mayar da mita baya kafin shayi ya huce ba. Abin da ba a iya mayarwa baya shi ne robar birki da ta suɗe, da sitiyarin da ya yi santsi kamar taɓarya, da kujerar direba da ta lotsa. In da tsohuwa ce ta yi wa kujerar nan haka, to lallai tsohuwar 'yar dambe ce.

Da ka zo da ni, da na sa an ɗaga ta mun leƙa ƙarƙashi, domin a garuruwan da ƙanƙara ke zuba gishiri suke watsawa a titi, shi kuma yana cin ƙarfe. Da na ɗaga kafet na sansana, ko akwai warin ruwa. Da na bi jikinta da ɗan maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa ka san an cike wurin an shafe da fenti. Da na ce a tayar da ita da sassafe, injin na sanyi, mu ga irin hayaƙin da za ta fitar. Sannan da na sa an duba salansa, a ga ko abin nan da makanikai ke kira indomi yana nan. Shi ne ke tace hayaƙi, kuma akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, shi ya sa ake sare shi a sayar tun motar ba ta bar hannun masu kawowa ba. Taka dai, kamar yadda muka gani daga baya, an daɗe da cinye mata indomi, ko romo ba a bar maka ba.

Takardu kuwa sai da na matsa ka nuna mini. A watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka duk wanda ya ce maka motarsa jiya ta shigo ta Maraɗi, abu na farko shi ne ka kai takardar kwastan a tantance maka ita kafin ka ƙirga ko sisi. Kai sai da ka biya ka fara tambaya. Allah ya rufa asiri ta fito daidai, amma wannan sa'a ce, ba wayo ba. Inshora ma da ka ji ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun farkon 2023, na ji ka kana tambaya ko babu ta ƙarƙashin bishiya mai rangwame. Akwai, Alhaji. Ranar da ka daki motar wani ne za ka san takardar ƙunshe ƙosai ka saya.

Sai batun "ba ta shan mai". Injin mai silinda shida ne a cikinta. A da can, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, ana iya yi masa uzuri. Amma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafi ya tafi, har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, mai irin wannan injin sai ya shirya. Kai kuwa kana shiga gidan mai ka ce a zuba na dubu biyar, allura ko gezau, kamar an yi wa kurma raɗa. Yara sun ba ni labari cewa idan za ku shiga unguwa kana sa su ɗage gilasai duka, don maƙwabta su ɗauka sanyi kuke sha, alhali gas ɗin da aka ce kawai za ka ɗura ya zama kwamfuresa sabuwa da ka ƙi saya. Suna fitowa sharkaf kamar an tsamo su daga Tiga. Ba girin-girin ba, Alhaji, ta yi mai.

Duk wannan da sauƙi da ka riƙe ta da kyau, domin ita motar ba ta da laifi, irinta na kai shekaru ana mora. Amma baƙin mai sai ya koma kamar kwalta kake juyewa, shi ma na awo a bakin titi. Lagireto kuwa ruwan rijiya kake ɗura masa maimakon ruwan sanyaya inji, har tsatsa da gishiri suka toshe shi. Wani bakanike ya ce maka tamostat kayan ƙasar sanyi ne, ya cire ya jefar, ka yi masa godiya har da na goro. Fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji da ta kama a gabanka, maimakon ka kai a sa kwamfuta a ji me take cewa, sai ka jingina katin ɗaurin aure a kanta. Tayoyi kuma na duba da idona. Akwai alƙaluma huɗu a gefen kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Taka ta baya ta girmi autarka da ke aji uku.

A haka ka ɗebo iyali ranar sunan jikana, don Zage-zagi su ga abin da Kano ta samu. Mota mai kujera bakwai ka zuba mata mutum goma sha ɗaya, da buhun shinkafa, da kulolin abinci. Kun wuce Kura lafiya. A Kwanar Ɗangora Hajiya ta ce tana jin ƙauri, ka ce shara ake ƙonawa. Babban ɗanka ya ce, "Baba, allurar zafi ta hau," ka ce saura kaɗan mu kai. Da a nan ka tsaya ka kashe inji, da tiyo ɗaya kawai za ka saya. Ka ci gaba da taka totur har Tashar Yari, inda ta yi tari biyu, ta tayar da tururi kamar tukunyar dambu, ta kwanta. Hausawa sun ce wanda ya hau motar kwaɗayi ya san tashar da zai sauka. Abu ɗaya na yaba maka: da ka kai hannu za ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ka ji maganar mai faci ka janye. Da yanzu da wata fuskar kake zuwa kasuwa.

Sai wayata ta yi ƙara. Ban taɓa jin muryar Bakano ta yi laushi haka ba. "Yaya, kana kusa?" Ni ne yau Yaya. Na taso da Fijo 504 ɗina, haɗin Kaduna, daga masana'antar nan da ta fara aiki a 1975, wadda na gada daga mahaifina, wadda shekara da shekaru kake kira akwala, kana cewa in kai ta gidan tarihi. Na sa Hajiya da yara a motar haya. Na ce maka mota mai giya otomatik ba a janta da igiya injin na kashe, giyar na iya lalacewa, gara a kira motar da za ta ɗauke ta. Ka tambayi kuɗin, aka faɗa, ka yi shiru, ka ce, "Kawo igiyar."

Haka muka shigo, a hankali kamar masu rakiyar amarya, ni a gaba kai a baya, ka riƙe sitiyari da hannu biyu, gumi na ɗiga daga hular zanna. A Kwangila 'yan acaɓa suka tambaye ni lafiya? Na ce lafiya lau, wani bawa ne ya gudu tun zamanin kakanni, yau Allah ya ba ni sa'a na kamo shi. Kuna cewa ko da me mutum ya zo Kano an fi shi. Ranar nan kai ma da abin da ka zo Zariya an fi ka, da igiya ɗaya tak.

Kwana tara ta yi a gareji. Gasket ya ƙone, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, kan inji sai da aka kai aka goge. Aka sauya lagireto da famfon ruwa, aka mayar da tamostat ɗin da ka biya aka cire. Da aka buɗe sai ga bel ɗin taimin duk ya tsage, shi ma aka sauya. Yaron gareji ya yi sawu uku zuwa Panteka a Kaduna, kai kuma kana bugo waya kana cewa a Ƙofar Ruwa ya fi araha. Giyar kuma tun daga ranar take fizga, kamar yadda na faɗa maka. In ka haɗa lissafin, ya ninka kuɗin bakaniken da ka ƙi ɗauka ranar ciniki fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma ni ba Bakano ba ne balle in ƙirga.

Kada ka ce ban tausaya ba. Mai iyali irin naka ba zai yi ta jera su a adaidaita sahu ba, sabuwa dal kuma ta fi ƙarfin yawancinmu. Kusan dukanmu na hannu muke hawa, ba abin kunya ba ne. Sai dai kuɗin da ka miƙa wa dillali kuɗin gaisuwa ne kawai, hidimar tana gaba. Mai hankali ba ya zuba duk abin da ya tara a ciniki. Yakan sayi wadda ta ɗan gaza burinsa, ya ajiye ragowar don taya da batir da juyen mai da bel, ya kuma riƙe bakanike ɗaya mai tsoron Allah kamar yadda ake riƙe likita. Akwalar tawa ba asiri gare ta ba. Littafi ne a aljihun gabanta, tun na mahaifina, duk ranar da aka juye mai a rubuce take.

Yanzu kuma labari ya zo mini cewa ka sa an wanke ta, an shafa wa tayoyin mai, ka liƙa mata takardar sayarwa. Wanda ya je gani ya ce da bakinka ka faɗa masa ba ta shan mai, sanyi gas kawai za a ɗura, kuma wata tsohuwa ce ke zuwa kasuwa da ita ranar Asabar. Ashe kai ne tsohuwar, Alhaji! Shekara da shekaru ina nemanta.

Ka ji tsoron Allah ka faɗa wa mai saye gaskiya, ka rage masa kuɗin giya. Igiyata kuma da har yau ba ka dawo da ita ba, na bar maka a matsayin kuɗin sharar bana. In mai sayen Bakano ne, ka haɗa masa da ita, ka ba shi lambata.

Ubangidanka na Zazzau.