Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Janaretan Shagona



Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ka kwana lafiya a rumfar da na kafa maka bayan shago. Ya ƙura, ya fama da jama'a? Na ga gara in rubuto maka a fili, tunda magana baki da baki ta gagara. In kana aiki ƙararka ba ta bari a ji kowa, in kuwa ka mutu, abin da ke fita daga bakina bai dace yara su ji ba.

Ka san asalinka. Gyaɗar damina guda da tumaki biyu na kai kasuwar Dambatta, na hau mota zuwa Sabon Gari a Kano na ɗauko ka sabo fil a kwali, an manna maka wat 2,500 a gefe. Aikin da na ɗauke ka bai taka kara ya karya ba: cajin wayoyi, firiza guda ta ƙanƙara da zoɓo, sai talabijin ranar ƙwallo. Amma nan ƙasarmu gona na jikin gona, gari na hango gari. In ka mutu da magariba, kafin isha'i ƙauyuka uku sun ji labari.

Ba mutuwar ce ta fi ci mini rai ba, kowane inji yana gajiya. Abin haushin shi ne baki ɗaya gare ka. Jariri ma kukan yunwa daban, na ciwon ciki daban. Kai kuwa ƙishi, ƙura, zafi, nauyin kaya, duk amsarka guda ce: ka yi tari biyu ka yi shiru, ka bar ni da fitilar waya a baki ina lalube.

Mu fara da baƙin mai. Akwai 'yar na'ura a cikinka da ke gadinsa, da ta ga ya yi ƙasa sai ta yanke wa fulogi wuta. Cikinka gaba ɗaya bai ɗaukar abin da ya wuce rabin lita da ɗan ɗoriya, saboda haka ɗan ragi kaɗan ya ishe ka hujja. Wannan na yarda da shi. Abin da ban gane ba shi ne ranar da mai yana nan cif, amma don kaji sun tone ƙasar da kake kai ka ɗan karkata, man ya koma gefe guda, ka ce ba ka san zancen ba. Sai da na sayi siminti aka yi maka daɓe, ni da ɗakina har yau ƙasa ce. Bakaniken garinmu ya ce in bari ya cire wayar na'urar kowa ya huta. Na ƙi. Na ga wanda aka yi wa haka a maƙwabta: bai sake mutuwa ba ko sau ɗaya, har daren da mai ya ƙare injin ya buga, aka auna shi a sikelin 'yan gwangwan. Ka shaida ni masoyinka ne.

Sai fetur, kuma a nan ina so ka saurara da kyau. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta tsallake 1,000. Gidan mai yana da nisa, mu da 'yan bumburutu muke hulɗa, kuma galan ɗinsu ba ya rasa ɗan yashi ko ɗigon ruwa a gindi. Na sani ramin da mai ke bi a kafiretarka tsukakke ne, ƙwayar ƙasa guda ta isa ta toshe shi. Na kuma koyi alamar: ka dinga ɗaga murya kana saukewa, ba ka tsayawa sai an rufe maka cok, da an buɗe ka faɗi. Yanzu da tsumma mai tsabta nake tace maka mai a mazurari, in kwance ƙusar ƙasan kafireta in zubar da ruwan da ya kwanta. Furar da nake sha ma ba ta samun wannan gata.

Matsalar murfin tanki kuwa rainin hankali ce tsagwaronta. Ka tashi lafiya, ka yi kamar kwata ɗin awa, ka mutu. A buɗe murfi a ji "fuuu", a ja igiya ka tashi kamar ba kai ba. Ashe 'yar kafar da iska ke shiga ce ta toshe, mai ya kasa gangarowa. Kuɗin fulogi sabo ya tafi a banza kan abin da tsinke ya warware.

Hunturu ba laifinka ba ne, kowa yana shan ƙura. In soson tace iska ya cika sai ka shaƙe, ka yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin. A wanke soso da sabulu, ya bushe, a ɗiga masa mai, shi ke nan.

Kan nauyin kaya kuma sai mu raba laifi, kai da mutanen gari. Wat 2,500 ɗin nan na kwali ƙarfin ɗan lokaci ne, abin da kake iya riƙewa yini guda bai kai haka ba. Firiza in za ta tashi tana fizgar ninkin abin da take ci, ga shi kullum sai an sami wani bawan Allah da zai lallaɓo da dutsen guga mai cin wat 1,000 ya ce hula ɗaya ce kawai.

Buƙatarka ta kwana a ɗaki saboda ɓarayi, wadda wasu ke kawo mini a madadinka, ba za ta yiwu ba. A hayaƙinka akwai iskar da ba ta da wari ko launi, ta sha kashe iyali guda suna barci. Sarƙa da kwaɗo sun ishe ka.

To, ranka ya daɗe, na cika nawa. Ina canja maka baƙin mai kan kari, ga daɓe, ga inuwa, ga tataccen fetur. Ina sanar da kai cewa na riga na tambayi kuɗin faifan sola da batir a kasuwar da na sayo ka, kuma rana a ƙasar Kano ba ta bin layin gidan mai. Wa'adinka azumi mai zuwa ne. In ka sake mutuwa da la'asar, ƙanƙarar mutane ta narke kafin shan ruwa, mai gwangwan yana wucewa ta ƙofar shagon nan duk mako, kuma ya riga ya tambaye ni nauyinka.

Wassalam.

Naka mai jan igiya,
Mai shagon caji, ƙasar Dambatta.