Kifi a Riga, Kofi a Baki

A garin Ithaca da ke jihar New York ta Amurka, akwai dare guda a kowace shekara da masu gadi kan tsaya a ƙofar filin wasa suna laluben ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Abin da suke nema kifi ne, ɗanye. Su kuwa ɗaliban, 'ya'yan Jami'ar Cornell da aka kafa tun 1865, inda iyaye ke zazzage dubban daloli don yaro ya fito injiniya ko lauya, sun wuni suna nazarin inda za a ɓoye shi. Wani ya zura a hannun riga, wani ya cusa a safa, wani ya ɗaure a ƙafa da salatif ya taho yana ɗingishi. Duk wannan wahala don a jefi 'yan wasan Harvard ne idan sun fito kan ƙanƙara.

Wasan da ake wa wannan hidima shi ne hokin ƙanƙara. Mutum shida-shida ne a fili, har da mai tsaron raga, kowa da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa da sanda mai lanƙwasasshen baki, ana bin wata 'yar baƙar roba da nauyinta bai wuce giram 170 ba. Ita ma robar sai an daskarar da ita kafin wasa don kada ta riƙa tsalle. Zango uku ake yi, minti ashirin-ashirin. Wanda ya yi ƙeta alƙali ya tura shi wani ɗan akurki ya zauna minti biyu yana tunanin rayuwarsa, 'yan uwansa su ci gaba da mutum biyar. A gasar jami'o'i an hana dambe, wanda ya kai naushi waje ake yi da shi. To da yake an ɗaure hannun 'yan wasa, sai haukar ta tattara kayanta ta koma wajen 'yan kallo, kuma a can ta samu masauki.

Filin Cornell sunansa Lynah. An buɗe shi a 1957, yana cin mutum dubu huɗu da 'yan kai, rufinsa a ƙasa-ƙasa yake, ihu in ya tashi ba shi da hanyar fita sai ta kunnen baƙo. An yi shekaru ɗalibai na kwana a layi don sayen tikitin kaka. Yaron da laccar ƙarfe takwas na safe ta gagare shi, wanda agogo ya yi ta kuka har ya gaji, shi ne za ka tarar a sahun gaba da bargonsa tun jiya.

Ladubban kallon kuwa sai an koya maka. Idan mai shela ya fara kiran sunayen 'yan wasan baƙi, kowa ya buɗe jaridar ɗalibai, Cornell Daily Sun, ya kare fuska da ita wai shi karatu yake, ana ihun cewa abin ya gundure su. Yana gamawa a cukuikuye jaridun a watso fili. Na tabbata akwai waɗanda in ba a wannan minti ɗaya ba, ba a taɓa ganin su riƙe da jarida. Sai mai tsaron ragar baƙi, wanda shi ne marayan dare. Da zarar an zura masa, dubban yatsu su miƙe kansa, a kira shi rariya, a sanar da shi cewa laifinsa ne shi kaɗai. Yaro ɗan shekara ashirin da ɗoriya, ya baro uwarsa a Kanada ko Minnesota, ya zo ana yanke masa hukunci ba lauya, alhali rabin masu yanke hukuncin in aka ɗora su kan ƙanƙarar ko taku uku ba za su yi ba sai sun zauna daɓas.

Zancen kifi ya samo asali ne a 1973. Wani ɗan kallon Harvard ya jefa wa golan Cornell matacciyar kaza, habaici ne ga kwalejin noma da Cornell ke da ita, wato ku ai manoma ne. Da Harvard ta zo Ithaca sai manoman suka tare ta da kifi, tunda su mutanen bakin teku ne, maƙwabtan Boston. A nan ya kamata a ce an yi ɗaya-ɗaya, a tashi. Ina! Kaza ɗaya aka jefa, an fi shekara hamsin ana ramuwa. Hukumar jami'a ta yi gargaɗi, alƙalai na iya hukunta ƙungiyar gida saboda ɓata lokaci, wato mai jifan kansa yake wa, amma wannan bai hana ba. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji Bahaushe, ga shi kuwa jar riga suke sawa, sunan ƙungiyar ma Big Red.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne gabar ta ɓangare ɗaya ta fi nauyi. Ita Harvard babbar kishiyarta Yale ce. Idan aka je wasa gidanta, 'yan Cornell kan cika wurin har suna kiran sa Lynah ta Gabas. Kai kana dakon kifi a cikin wando saboda mutum, shi kuwa yana can yana tunanin wani.

Kada a zaci Cornell ce kaɗai ke da wannan lalura. Idan Jami'ar Colgate ta zo, man goge baki ake jifan ta da shi, don iyalin da suka kafa kamfanin Colgate su ne aka sa wa jami'ar sunansu. Su kuma su rama da cingam mai suna Big Red. 'Yan Dartmouth ƙwallayen tanis suke yi wa Princeton ruwansu, a Jami'ar New Hampshire kuma kifi ake wurgowa bayan cin farko. Da masu shagunan garuruwan nan za su faɗi gaskiya, da an san su waye ba sa son a sasanta.

Duk wannan hayaniya tana da jari, kuma jarin tsoho ne. A kakar 1969 zuwa 1970, ƙarƙashin koci Ned Harkness, Cornell ta buga wasa 29 ta ci 29, ba faɗuwa ba canjaras. Har yau babu wata ƙungiyar maza a babban rukunin jami'o'in Amurka da ta ɗauki kofi da irin wannan tarihi. A wasan ƙarshe a Lake Placid ta doke Clarkson da ci 6 da 4, wani ɗan baya, Dan Lodboa, ya zura uku a zangon ƙarshe shi kaɗai. Wani abin mamaki, shahararren golansu Ken Dryden, wanda ya kai su ga kofin 1967, ya riga ya kammala karatu ya tafi. Tun daga 1970 ɗin nan kofin ƙasa bai sake kwana a Ithaca ba. A 2003 sun kai wasan kusa da na ƙarshe, New Hampshire ta fitar da su, wato 'yan uwansu masu jifa da kifi. Amma ka zauna da tsohon ɗalibi mai furfura, zai ba ka labarin Lake Placid kamar jiya da daddare aka yi. Idan aka tara duk masu rantsuwar cewa suna cikin filin a ranar, sai an ƙara gina wani.

Sai ga kakar 2019 zuwa 2020, shekara hamsin cif bayan waccan. Kocinsu na lokacin Mike Schafer, wanda ya karɓi ƙungiyar tun 1995, ya haɗa yara masu taurin kai a baya, Matthew Galajda a raga, Morgan Barron a gaba. Suka ci wasa goma na farko a jere. Nan take kowa a Ithaca ya zama “mu”. Mun ci, mun lallasa su, tsarinmu ya yi aiki. Mutumin da gudummawarsa ga tsarin ita ce cin gugguru a layi na goma sha biyu, shi ma yana cewa mun gaji amma mun daure. Wani ya ƙi wanke rigarsa tun wasan farko don kada sa'a ta bi ruwa, maƙwabtansa na benci suna haƙuri da shi saboda kishin ƙungiya. A watan Disamba Dartmouth ta ci su 2 da 1, “mu” ta ɗan yi tari. A ƙarshen Janairu Quinnipiac ta zuba musu biyar ba ko ɗaya, a daren nan kuwa babu “mu” ko ta magani. Yaran nan ba sa ji, yaran nan sun fara girman kai, ni dama na faɗa. Bayan haka ba a sake cin su ba, “mu” ta dawo daga tafiya ba tare da ta ce wa kowa ina ta je ba.

Aka rufe wasannin kaka da nasara 23, faɗuwa 2, canjaras 4. Ƙuri'ar masana ta ƙasa ta ɗora su a lamba ɗaya. Ƙungiyar mata ta jami'ar ita ma tana lamba ɗaya a nata ɓangaren, abin da da yawa daga masu ihun ba su tuna ba sai da aka zo lissafin abin alfahari. An shirya wasannin ƙarshe na ƙasa a Detroit cikin Afrilu. Sai korona ta iso. Da farko aka ce za a buga ba 'yan kallo, wanda a Lynah daidai yake da a ce a yi biki ba makaɗi. Ranar 12 ga Maris 2020 hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta soke komai.

'Yan wasan abin tausayi ne, ba da su nake ba. Jami'o'in rukunin Ivy, wanda Cornell ke ciki, ba sa ba da gurbin karatu kyauta saboda wasa, yaran nan da jarrabawa a wuya suke atisaye, kuma 'yan ajin ƙarshe ba su sake sa jar rigar ba. Barron ya sa hannu da New York Rangers, Galajda ya koma Notre Dame. Cutar ma ba abin wasa ba ce. Da magoya baya nake, domin su faɗuwa ce ta zo musu daidai da zama, ko da yake ba za su taɓa yarda ba.

Dubi yadda gasar take. Ƙungiya 16 ke shiga, wasa ɗaya ne, wanda aka ci ya kama hanyar gida. Sai ka ci huɗu a jere kafin ka taɓa kofi, a wasan da roba kan daki ƙafar wani ta karkace ta faɗa raga. Ita lamba ɗaya ba laya ba ce. A 2018 St. Cloud State ta shiga a matsayin ta ɗaya a ƙasa, Air Force ta kore ta a wasan farko. A 2019 ta sake shiga a ta ɗaya, wata 'yar ƙaramar makaranta, American International College, ta sake kore ta a wasan farko da ci 2 da 1. Wannan shi ne abin da ka iya samun Cornell a ƙarshen Maris ɗin nan: dare ɗaya, golan abokan hamayya ya tashi da ƙafar dama, shi ke nan. Soke gasar ya ɗauke wannan barazana har abada. Kofin da ba a buga ba ba mai ƙwace shi, ba ya tsatsa, ba a kuma neman ka nuna shi. Abin da ake buƙata kawai ka nisa, ka girgiza kai, ka ce da ba don korona ba. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ya ji ana cewa da ba don rafali ba, ya san irin daɗin da jimlar ke yi a baki.

Matsalar ɗaya ce, kofin baki ba shi da mai gadi, kowa na iya ɗauka. Mutanen North Dakota suka ce lissafin kwamfuta da ake bi wajen jera ƙungiyoyin gasar su ya sa a sama, don haka nasu ne. Minnesota State ta ce wasa 31 ta ci, wa ya kai ta? Minnesota Duluth, wadda ta ɗauka a 2018 da 2019, ba ta ma tsaya musu ba, tunda ba wanda ya karɓa daga hannunta, ta ci gaba da zama mai riƙe da kambu tana gida a zaune. A shekarar da aka buga gasa zakara ɗaya ake samu, sauran su koma gida da baƙin ciki. A 2020 da ba a buga ba, zakara huɗu aka samu, kowanne da hujjarsa, ba kuma wanda ya yi kuka a ɗakin sauya kaya saboda an ci shi. Ban san wata gasa da ta taɓa faranta wa mutane da yawa haka ba.

Garaɓasar ba ta tsaya nan ba. Jami'o'in Ivy suka soke kakar 2020 zuwa 2021 gaba ɗayanta, Cornell ba ta buga ko wasa ɗaya ba. Saboda haka mai son lissafi yana iya bugun ƙirji ya ce tun daga daren Quinnipiac har aka shiga kakar 2021 zuwa 2022 ba mahaluƙin da ya ci ƙungiyarsa, kuma bai yi ƙarya ba. Masu kifi suka huta, masu gadi suka huta, hancinsu ma ya huta.

Da aka dawo fili kuma aka dawo duniyar da ake ƙirga ci. A Maris 2022 aka fitar da Cornell tun a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe na rukuninta, a cikin Lynah, gaban jama'arta, kuma Colgate ce ta yi aikin, masu man goge bakin nan. Ba sai ka tambayi laifin wa ba ne. Ai yaran sun yi shekara ɗaya da rabi ba su buga gasa ba, kuma kowa ya san abin da ya jawo hakan.