Karagar Kaka

Tun da aka ayyana Jigawa a 2022 a matsayin jihar farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili, kowane gida a Achilafiya ya ɗauki masai da muhimmanci. Namu ma ya sha daɓen siminti, har da murfi mai mariƙi. Gwiwar Kaka ce kawai ba wanda ya sa a lissafi. Sanyin ƙashi ya kama ta: tsugunawa da ƙyar, tashi kuwa sai an kawo ɗauki. Ita kuma ta rantse gara ta haƙura da tuwon dare da a ce surukarta ce ta ɗago ta daga kan masai.

Da yake ni ne ɗan bokon gidan, na ce a bar mini. Na samo kujerar roba irin ta gidan biki, na gasa wuƙa a murhu, na fafe tsakiyarta. Ƙauri ya cika unguwa har maƙwabta suka leƙo ko gobara ce. Na kafa ƙusa a bango, na ɗaura igiya ta kamawa.

Kaka ta dubi aikin ta taɓe baki. "Mijin nan nawa, kai za ka fara hawa. Amarya ba ta cin abin da ango bai ɗanɗana ba."

Na shiga na rufe ƙofa, na zauna, da wandona dai. Ashe ƙarfin kujerar roba duk a wurin da na fafe yake. Ƙafafunta suka baje a kan jiƙaƙƙen siminti, ɗaya gabas ɗaya yamma, na nutse a ramin da na yanka da hannuna, gwiwoyina a haɓa. Na cafki igiya. Bangon ƙasa ne, sai ƙusar ta taho da guntun katanga ta sauke mini a ka. Buta ta kife. Silifa ɗaya ta zame ta tafi inda ba a dawowa.

Kujerar kuwa ta ƙi sakina. Haka na fito tsakar gida da ita a ƙugu kamar kunkuru, ƙanina na ja, Inna na shafa man gyaɗa. Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "To yanzu wa zai ɗago wa?"

Baba bai ce uffan ba, birkila kawai ya kira. Dattijon ko kallon masan bai yi ba da farko. Ya sa Kaka ta zauna a kan turmi, ta koma bakin gado, ta koma buhun gero, yana tambaya, "Iya, daga ina tashi ya fi miki sauƙi?" Ta ce buhu. Ya auna tsayinsa da kara, ya jera bulo a gefe biyu na ramin daidai wannan tsayin, ya kauce wa alƙibla, kafinta ya ɗora katako mai huda da aka goge sumul. Bututun ƙarfe da mai walda ya lanƙwasa a Kazaure, a ƙasa birkilan ya binne shi da kankare, yana kallona yana cewa bangon ƙasa ba ya riƙe amana. Ya sare dokin ƙofa, ya faɗaɗa mashiga don sandarta, ya karce daɓen ya daina santsi, ya yi wa buta ɗan dakali ta hannun dama.

Ba a jima ba aka lura Baba ya fara daɗewa a ciki da rediyonsa. Sai kawu, sai wata tsohuwa daga maƙwabta da ta zo "gaisuwa". Kaka ta aika aka sayo kwaɗo, ta ɗaure makullin a haɓar zaninta tare da kuɗin cefane. Mai son hawa karaga, goro ɗaya. Ni kuwa biyu ta yanka mini, wai har da kuɗin gyaran katanga.