Teku a Falona

Daga ƙofar gidana a Gaya zuwa bakin Kogin Kwara bai kai tafiyar minti goma ba. Karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, duk ana sauke su da safe suna motsi. Amma sai da na je Kwatano, sama da kilomita 700, na sayo kifi biyu masu tsawon ɗan yatsa, waɗanda ba a ci.

Farkon 2023 ne, na je fitar da kaya a tashar jiragen ruwa, na ga akwatin gilashi a wani otel. Kifin nan na fim ɗin Nemo, ruwan lemo da ratsin fari, suna yanga cikin murjani. Kafin hankalina ya dawo na sayi akwati mai cin lita 200, da fitila, da injin juya ruwa, da buhun gishirin teku, da murjani uku. Na buga wa uwargida waya na ce na sayo murjani. Baiwar Allah ta yi kitso, ta yi lalle, tana jiran abin wuya.

Da ta leƙa bokitin sai ta ce, "Maigida, wannan ai dutse ne mai majina."

Na gyara murya na yi mata bayani cewa murjani dabba ce mai rai. Na ƙara da cewa ruwan teku na da gishiri giram 35 a kowace lita. Tana tsaye na juye kilo 7 cikin ruwan rijiya, ita kuwa sai salati.

Wata biyu ina taƙama. Sai wata ƙura ruwan ƙasa ta rufe gilashin, bayanta gansakuka ta tsiro, koriya shar, mai dogon gashi kamar gemun bunsuru. In na kankare da safe, kafin la'asar ta dawo da danginta.

Na ɗauko kwalbar gwaji. Ana ɗiga magani a ruwa, in ya yi rawaya lafiya lau, in ya yi ja an shiga uku. Abin da ake aunawa shi ne nitirat. Kashin kifi da ragowar abinci kan zama amoniya, ƙwayoyin halitta da ke cikin duwatsu su mai da ita nitirit, daga nan nitirat. A teku ba ya taruwa. A akwati kuwa ba shi da wurin zuwa, ga shi tuwon gansakuka ne. Masu kiwon murjani suna son kada ya wuce miligiram 10 a lita. Nawa ya fito ja wur kamar zoɓo.

Na kafa bincike. Ashe Inna ce, in na fita, take marmasa musu fanke. "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah," ta ce, "sau ɗaya a yini? Alhakin dabba ba wasa ba ne." Na ba ta haƙuri, na kafa doka. Na kuma ji cewa duhu na kashe gansakuka, na lulluɓe akwatin da bargo kwana uku. Duk baƙon da ya tambaya, uwargida ta ce kifin ne suka shiga takaba.

Saura babban magani, canjin ruwa: lita 20 duk mako. Ana cikin haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe gadar da ta haɗa mu da Malanbil. Gishirina ya koma ƙetarowa a kwalekwale, tsakanin buhunan masara, ni ɗan Jihar Doso da gishirin Fogha ke gindinmu. Na so in gwada na Foghan, ɗanɗanon kanwarsa ya hana ni. Kuran kuma ya shiga wasan ɓuya. Murjani ba ya son ruwa ya wuce digiri 27, sai ga ni tsakar dare da mafici ina yi wa dutse fifita.

Wata rana dabara ta zo mini. Tunda nitirat taki ne, me zai sa in zubar da tsohon ruwan a banza? Na shayar da tattasan uwargida. Gishirin na manta. Kwana huɗu suka sunkuya, ba su ƙara ɗagowa ba, mu ma muka yi mako gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Duk wannan wahala, zoɓo bai sauya launi ba. Sai wani tsohon masunci, Basarke, abokin mahaifina, ya zo ganin abin da ake ta labari a gari. Ya daɗe yana leƙen kifin cikin ciyawa.

"Yaro, ina kake ɗibar ruwan?"

"Rijiyar gida, Baba."

Ya fita ya dubi rijiyar, ya dubi turken awakin da ke gefenta, ya dubi masai. "To, ɗiga mata maganin naka."

Na ɗiga. Ta fi akwatin ja. Wata shida ke nan ina ɗebo taki da guga, ina kai wa gansakuka har ɗaki, ina kiransa magani. Baba ya tambayi kuɗin kifin, na ce jikka 15 kowane. Ya ce da na zo wurinsa da ya ba ni giwan ruwa wanda sai an ɗauka da kura. Ya ɗauki sandarsa, har ya kai zaure ina jin dariyarsa.

Yanzu tataccen ruwa nake saya. Gansakuka ta ja baya, murjani biyu sun yi fari fat sun mutu, kifin kuwa sun yi ƙiba, Inna ta ce albarkar fanke ce. Kuskurena na ƙarshe shi ne gaya wa uwargida cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nitirat a ruwan sha kada ya wuce miligiram 50 a lita, musamman saboda jarirai. Ta saɓa goyonta ta dube ni.

"Wato kifi su sha na saye, mu mu sha na awaki?"

Bido shida ake kawowa duk safiya. Na abin wuya kuma ta ce tana nan tana jira, na Kasuwar Kurmi, wanda ba ya numfashi.