Yadda Ake Ziyartar Fadar Topkapi da Bazara Ba Tare da Zumunci Ya Lalace Ba

Duk Bahaushen da ya taɓa zuwa sarin kaya Istambul, birnin da tsofaffi ke kira Santambul, ya san wannan ranar. An gama ciniki a Laleli, an kai kaya kago, jirgin gida sai jibi. Sai wani daga cikin ayari ya gyara zama ya ce, "Tunda mun zo, ai ya kamata mu leƙa gidan sarki." A wani watan Yuli, mai wannan shafi ya bi yayansa ɗan kasuwa, da Hajiya uwargidan yayan, da ɗansu mai shekara tara, zuwa Fadar Topkapi. Da safe suka shiga suna raha, da la'asar suka fito kowa yana jan ƙafa. Daga wannan jan ƙafar aka tsinto shawarwarin nan.

Ba za a ɓata lokaci a kan biza da tikiti ba, ko a kan cewa fadar a rufe take ranar Talata. Wanda ya iya fitar da kaya daga Turkiyya zuwa Kano ya wuce a koya masa wannan.

Shawara ta ɗaya: kada a raina ranar Turkawa. Bakano da ya sha zafin Afrilu, ma'auni yana haura 40, idan ya ji an ce Istambul 30 take a Yuli sai ya yi murmushi. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne fadar tana bisa wani tudu da ruwa ya kewaye ta gefe uku: tekun Marmara, mashigin Bosforus, da mashigin da Turkawa ke kira Halic. Zafin gida busasshe ne, gumi ya fito iska ta ɗauke. Na can kuwa jiƙaƙƙe ne, gumi ya fito ya zauna, ya kira ɗan'uwansa. Yaya ya fita da shadda mai sitaci wadda ke tsayuwa da kanta. Kafin su kai ƙofa ta biyu ta kwanta a bayansa kamar an tsamo ta daga baho. Ga yinin da tsawo, domin rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas da rabi, isha'i kuwa sai an wuce goma na dare. Mai jiran sanyin yamma ya shirya dogon jira.

Ta biyu: takalmi. Sabon sau-cikin da aka saro jiya a bar shi a kwalinsa. Sultan Muhammadu Alfatih ya ci birnin a 1453, ya sa aka fara ginin fadar wajen 1460, kuma bai gina ta a matsayin bene guda da za a hau a sauka ba. Farfajiya huɗu ce, kowace a bayan wata, kowace da ƙofarta, kuma yadda ake ƙara shiga haka mutanen da ke da izinin wucewa ke raguwa. Bature yakan tsaya yana duba taswira, amma Bahaushe nan take yake gane tsarin: zaure bayan zaure, soro bayan soro. Zamanin ma ɗaya ne, domin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya gina Gidan Rumfa, ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A ƙofa ta biyu, Babus Salam mai hasumiya biyu, kowa sauka yake yi daga kan doki, har da babban waziri. Sultan kaɗai ke wucewa a kan sirdi. Don haka tafiyar ƙafa a Topkapi tsohuwar al'ada ce, kuma daɓen duwatsun wurin ba ya jin tausayin sabon takalmi. Tun a farfajiya ta biyu Yaya ya take bayan nasa, ya mai da shi silifa.

Ta uku ta shafi mai lema. Kowa ya san shi. Ba ruwa ake yi ba, amma ya ɗaga naɗaɗɗiyar lema sama, mutum arba'in da suka sauko daga jirgin ruwan yawon buɗe ido suna biye da shi kamar 'yan tsaki. Inda ya tsaya nan suke tsayawa, kuma bakin ƙofa ne kullum wurin tsayuwarsa. Ana kauce masa sai a yi karo da mai tuta. Ana kauce wa mai tuta sai ga mai sandar ɗaukar hoto, yana tafiya da baya yana magana da wayarsa, yana taka yatsun bayin Allah. Wani ma kiran bidiyo yake yi da mutanen gida, murya a sama, yana juya wayar yana cewa su gani, su gani. Me za su gani? Ƙeyar wanda ke gabansa.

Abin da ya sa wannan ke ƙona rai shi ne, fadar nan a kan shiru aka gina ta. Jakadun Turai da suka shige ta a ƙarni na 16 sun rubuta mamakin ganin dubban sojoji jere a farfajiya ta biyu ba wanda ke ko tari. A cikin gida har maganar hannu aka koya daga bebayen fada, don kada hayaniya ta tashi kusa da Sultan. A zauren da wazirai ke zaman majalisa akwai wata 'yar taga mai raga can sama, Sultan kan zauna bayanta ya saurara, ba wanda ya san ko yana nan ko ba ya nan. A ɗakin karɓar baƙi kuma ga famfo a jikin bango, wanda ake cewa sakinsa ake yi idan ana ganawa don ƙarar ruwa ta hana na waje jin sirri. Gidan da aka yi wa shiru irin wannan tanadi, yau sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Maganin da aka samu guda ne: a isa ƙofa kafin a buɗe, a wuce kai tsaye can ciki, a bar na kusa da ƙofa sai an dawo. Ayarin Yaya sun tsaya karin kumallo da shayi kofi uku-uku, suka iso tare da masu lema.

Ta huɗu: ruwa. A riƙe gora, a sha.

Madafar fada tana hannun dama a farfajiya ta biyu, da jerin bututun hayaƙinta waɗanda shahararren magini Sinan ya sake ginawa bayan gobarar 1574. A da, dubban mutane ake dafa wa abinci a nan kullum, kuma yanzu a ciki ake nuna tangaran na ƙasar Sin, daga tarin da ya haura guda dubu goma. A ba Hajiya minti goma sha biyar a nan, kada a ce mata uffan, domin mace mai jeren kabet ta san abin da take kallo.

Ɗan kasuwa kuwa a riƙe masa hannu a baitulmali. Akwai daimon mai nauyin karat 86, kewaye da ƙanana 49, wanda ake kira Daimon Mai Cokali. Labarin da ake bayarwa shi ne wani talaka ya tsince shi a juji, bai san darajarsa ba, ya ba da shi aka ba shi cokali uku. Yaya ya tsaya cak a gaban gilashin. "Cokali uku? Na katako?" Ya yi salati, ya yi gaba, ya dawo. Har suka bar ɗakin yana jajanta wa mutumin kamar maƙwabcin shagonsa ne. Wuƙar nan mai manyan zumurrudu uku da agogo a kan ƙotarta ba ta kwantar masa da hankali ba. Sultan Mahmud na Ɗaya ne ya aika da ita kyauta ga Nadir Shah na Iran a 1747, aka kashe Nadir tana hanya, aka dawo da ita gida. "Wannan ai kaya ne suka dawo," in ji Yaya, "amma ba a yi asara ba."

Daga nan babu sauran lissafin ta biyar da ta shida, domin an zo wurin da ya kawo yawancin Musulmi fadar. A farfajiya ta uku akwai ɗakunan Amanoni Masu Tsarki. Sultan Salim na Ɗaya ya kawo na farkonsu bayan ya ci Masar a 1517, wasu kuma daga Madina aka aiko da su lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Akwai akwatin da ke ɗauke da mayafin da ake dangantawa ga Annabi (SAW), da takubban da ake dangantawa gare shi da halifofinsa huɗu, da tsofaffin mabuɗan Ka'aba da indararonta, da sandar da ake dangantawa ga Annabi Musa. A gefe alaramma na zaune yana karatun Alƙur'ani, idan ya tashi wani ya karɓa, dare da rana. Layin shiga ya fi kowane tsawo, kuma rabinsa a rana yake.

A ciki ne haƙuri ke ƙarewa. Mutum ya yi kusan awa a layi, ya iso gaban gilashi zuciyarsa ta fara natsuwa, sai a turo shi daga baya. An hana ɗaukar hoto, amma ga wani ya ɓoye waya a ƙirji yana satar ɗauka, ma'aikaci na yi masa magana yana yi kamar bai ji ba. Hajiya ta tsaya gaban mabuɗan Ka'aba hawaye na zuba, wata jaka ta bangaje ta, mai jakar ko waiwaye. Wannan rashin tarbiyya ne, ba shi da wani suna. Wanda aka biyo da shi wurin don yana cikin jerin abubuwan kallo, ya taka a hankali saboda waɗanda suka zo da zuciyarsu. Abin da ya yi wa Hajiya amfani shi ne ta fice daga layin, ta jingina da bango kusa da mai karatu, ta bar igiyar mutane ta wuce. Yaron ya tsaya gefenta, ya gane surar da ake karantawa, ya riƙa bi a hankali. Minti biyar ɗin nan ne kaɗai a yinin ba wanda ya ambaci ƙafa.

Sashen iyalin Sultan, wanda Turkawa ke kira Harem, ɗakuna ne kusan ɗari huɗu, bangonsu lulluɓe da tayil shuɗi da kore, kuma a nan ne inuwa ta fi sanyi. A nan ma mai lema ya fi ban haushi, domin da an shigo sai ya sauya murya ya fara ƙyafta ido. Ɗan Afirka ya kamata ya rage sauri tun a ƙofar shiga, inda ɗakunan babanni suke. Bayi ne da aka rabo da iyayensu suna yara daga Habasha da Sudan, aka yi musu abin da ba ya gyaruwa. Shugabansu ya kan kai matsayin da wazirai ke shakkarsa. Alhaji Bashir Aga, Bahabashe, ya riƙe muƙamin kusan shekara talatin har rasuwarsa a 1746, ya bar masallaci da ɗakunan karatu. Ƙananan ɗakunan nan masu duhu ba wurin dariya ba ne. Can ciki kuma ga ɗakin Sultan Murad na Uku, ginin Sinan, mai maɓuɓɓugar ruwa a bango. Shi ne Sultan ɗin da Mai Idris Alooma na Borno ya aika wa jakadu a shekarun 1570, shi kuma ya mayar da amsa a rubuce. Tun kafin kago da biza mutanen yankin Tafkin Chadi sun san hanyar gidan nan.

Saura lambu. Tun a masauki aka cika yaro da labarin furen tulif, wanda Turkawa ke kira lale, da yadda Sultan Ahmad na Uku ya so shi har aka sa wa shekarun 1718 zuwa 1730 sunan Zamanin Lale. Aka shigo farfajiya ta huɗu, yaro ya duba gabas ya duba yamma. "Baffa, ina furen?" A Afrilu yake fitowa. A Yuli sai ganye da ciyawa da kyanwoyi kwance a inuwa, ko kallon mutane ba sa yi. Mai zuwa da bazara ya cire tulif daga alkawarin da zai yi wa yara.

Abin da zai samu a madadinsa iska ce. A bakin barandar marmara, kusa da soron Bagadaza da Murad na Huɗu ya gina a 1639, akwai wata 'yar rumfa mai rufin ruwan zinariya inda Sultan Ibrahim kan sha ruwa da azumi. Daga nan ana hango Halic da jiragen fito suna kai da kawo, iska na busowa daga kan ruwa, shaddar Yaya har ta fara bushewa. Sarakunan sun zauna a gidan nan kusan shekara ɗari huɗu kafin Sultan Abdulmajid ya koma fadar Dolmabahce a 1856, kuma tun 1924 fadar ta zama gidan tarihi.

Idan an fito, kada a nufi tashar tiram. A gangara Gulhane, tsohon lambun fadar na waje, inda aka karanta dokar gyaran mulki ta 1839, yanzu kuma kowa na shiga kyauta. A nan ayarin ya sami benci ƙarƙashin manyan itatuwa. Yaya ya cire takalmin gaba ɗaya ya ajiye gefe, ya sayi gasasshiyar masara huɗu da burodin nan mai kama da zobe da aka barbaɗe da riɗi. An daɗe ba wanda ya yi magana. Can Hajiya ta ce, "Alhaji, gobe da sassafe zan koma ɗakin Amanonin nan, kafin masu lema su tashi." Yaya ya dubi ƙafarsa, ya dubi takalmin, ya juya ga ƙaninsa. "Kai za ka raka ta. Ni ina da magana da masu kago."