A Jinjina wa Birkilan da Ba Ya Gaggawa

Mutanen yammacin Zamfara suna da halayen kirki da yawa, amma godiya ga birkila ba ta cikinsu. Ka zauna a kowace majalisa a Anka ko Bukkuyum ko Gummi, da zarar an ambaci gini sai ka ji tsaki ya tashi ta ko'ina. Wannan ya ce gidansa ya shekara huɗu tsaye a linta, wancan ya ce nasa an rufa rabi an bar wa damina rabi. Duk kuma a kan bawan Allah guda ake jibge laifin, mutumin da bai taɓa ɗaga wa maigida murya ba, bai kuma taɓa cewa wani aiki ya fi ƙarfinsa ba. Ya kamata a samu mai faɗin alherinsa tun yana raye.

A fara da daɗin bakinsa. Ranar da maigida ya kai shi fegi, yakan taka filin da ƙafa, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, wanga ai ƙaramin aiki na. Kahin azumi kana ciki." Bai faɗi azumin wace shekara ba, ba wanda kuma ya tambaye shi, saboda haka mai kiransa maƙaryaci ya ji tsoron Allah. Da ya karɓi kafin alƙalami sai aiki ya kankama. A haƙa fandisho, tifa ta zube yashi, leburori su cika wuri, masu wucewa suna ta yi wa Alhaji barka. Kafin wata biyu bulo ya kai linta. Daga nan gwanin namu yakan tuna gaggawa aikin Shaiɗan ce, ya janye jikinsa don kada ya jefa iyalin mutum cikin halaka. Masana sun ce yana da kyau gini ya sha damina guda don ƙasa ta zauna. Shi da yake ba ya rowa, sai ya bar shi ya sha huɗu.

Masu ƙorafi suna cewa ya ɓace. Bai ɓace ba, yana can unguwar gaba yana faranta ran wani Musulmi kamar yadda ya faranta naka. Birkilan kirki ba ya mayar da mai buƙata. In mutum goma suka zo masa da aiki a wata ɗaya, duk goman zai karɓa, ya kuma karɓi kuɗin kowa, don kada wani ya ga an nuna masa bambanci. Kuɗin kwanonka su suka rufa gidan wani a Nasarawar Burkullu, kuɗin rodin wancan suka yi filastar wani a Daki Takwas, kai ma wata rana kuɗin wani baƙo za su sa maka tagogi. Adashi ke nan mai albarka, wanda aka shigar da kai ba tare da an wahalar da kai da shawara ba. Abin da kawai ba a sani ba shi ne ranar kwasarka, da kuma ko uwar adashin ta taɓa rubuta sunanka.

Inda ya fi ba ni sha'awa shi ne riƙon tarihi. Ba wata musiba da ta sauka a jihar nan da bai adana ta a kansa ba, da watanta da shekararta, kuma ba ya faɗin wadda ba ta faru ba. A watan Satumban 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a Zamfara, ta hana cin kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka. An ce na sati biyu ne, sai ga shi an kwashe watanni a ƙananan hukumomi ba a ji ƙarar waya ba. Kowa ya sha wuya a lokacin. Birkila kaɗai ya karɓi wannan doka hannu biyu, ya kuma ci gaba da yi mata biyayya har bayan an janye ta, domin akwai masu gini da har yau in sun kira sai su ji wayarsa a kashe. A ƙarshen 2022 aka sauya fasalin naira, zuwa farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, ya ce leburori ba sa karɓar taransifa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, ya ce mai tifa ya ninka kuɗin yashi. Duk gaskiya ne. Kuɗin yashin dai an ba shi tun kafin a rantsar da wanda ya cire tallafin, amma wannan ƙaramin zance ne da mai mutunci ba zai tsaya tonawa ba.

Sai siminti, abokinsa na amana. A 2022 buhu bai kai naira 5,000 ba, a lokacin ne kuma Alhaji ya ƙirga masa kuɗin buhu ɗari biyu. Wani mai garaje da a ranar zai sayo su ya jibge. Gwanin namu ya san siminti ba ya son ajiya, yana daskarewa, sai ya adana kuɗin a wurin da ba sa daskarewa. A watan Oktoban 2023 kamfanin BUA, mai masana'anta a Kalambaina ta Sakkwato, nan kusa da mu, ya ba da sanarwar zai riƙa fitar da buhu a kan naira 3,500 daga masana'anta. Birkila ya zo da fara'a ya ce, "Ka gani ko, Alhaji? Da mun yi gaggawa da mun yi asara. Mu ƙara jira shi sauko sosai." Aka jira. Zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000, har sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da masu kamfanoni aka yi maganar mayar da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Ranar nan birkila ya dawo da takarda a hannu yana neman ciko. Wace jami'a ce za ta koya wa mutum hauhawar farashi da kyau haka, a aikace, da kuɗin aljihunsa?

Maganar tsaro ma ba ya wasa da ita. Kowa ya san abin da hanyar Mayanci zuwa Anka ta zama a shekarun nan, kowa kuma ya tuna farkon Janairun 2022, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka kashe mutane masu yawa. Direbobin da ke ɗauko kwano da katako daga Gusau da ransu a hannu suke tafiya, magina da yawa kuma sun rasa 'yan'uwa da gonaki. Namu gwanin yana da tausayin da ya sa yake ɗaukar makokin kowa a kansa. In aka tare hanya a wani daji mai nisa, shi ma sai ya dakatar da aiki, ko da ginin yana tsakiyar gari bayan kasuwa, kayan aiki suna jibge a ciki, gidansa kuma tafiyar ƙafa ce zuwa wurin. Wa zai iya buɗe baki ya yi masa gardama? Duk wanda ya ce "ai hanya ba ta shafi filasta ba" shi za a kalla a matsayin marar imani. Samun mutumin da zai ɗauki jinin bayin Allah ya yi wa kansa laima da shi, cikin ladabi da sunkuyar da kai, sai an tona.

Ga shi kuma da sanin yanayi. Da damina ba a gini, ruwa yana wanke kwaɓi, leburori suna gona. Da kaka suna girbi. Da sanyi siminti ba ya kamawa yadda yake so. Da rani ruwa ya yi tsada, 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗi, yaran Gummi sun gangara fadama noman rani. Da azumi ba a wahalar da mai ƙishirwa, bayan salla kuma kowa ya san aljihu ya huta. In ka tara duka za ka ga shekara ba ta da wata ko guda da ya dace da gini, wanda ke nuna duk gidan da ka gani a tsaye cikin kuskure aka gama shi.

Leburorin nasa ma ya yi musu gata. Da yake yakan manta ya biya su hakkinsu na mako, ya buɗe musu ido su nemi arzikinsu a ramukan zinare na wajen Bagega da Dareta. Ƙasar nan ce gubar dalmarta ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum a 2010, har sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo aka yi ta kankare ƙasar tsakar gidaje. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar daga Afrilun 2019 har zuwa Disambar 2024. Duk da haka saurayi ya gwammace ya shiga ramin da ya ci gaba da ɗaukar bulo bashi. Idan maigida ya tambayi ina ma'aikata, sai birkila ya girgiza kai ya ce yaran zamani ba sa son aiki, zinare ya lalata su.

Ba zan yi wa maigida rowar nasa yabon ba, don shi ma ya taka rawa. Albashinsa na malamin makaranta, zanen gidansa kuwa a waya ya gano shi, na wani attajiri a Abuja: falo biyu, ɗakin kowace mata da banɗakinsa, da benen da za a ɗora in Allah ya hore. Bayan an kai linta uwargida ta zo ta ce kicin ya yi kusa da ɗakin amarya, aka rushe aka matsar. Ba takarda tsakaninsa da birkila, ba shaida, don neman a rubuta yarjejeniya rashin yarda ne, su kuwa tare suke salla a sahu ɗaya. Wanda ke aiki a Legas ko Fatakwal ya fi kowa hutawa: ya wakilta ƙanensa, ƙanen kuma ba ya gajiya da aiko masa hotunan gini mai kyau, wanda in an bincika za a tarar na maƙwabci ne.

Amfanin jinkirin ga iyali kuwa ba ya lissafuwa. An zana gidan ana da 'ya'ya huɗu, yanzu tara ne, ka ga da an gama da wuri da ya yi kaɗan. Kishiyoyin da ba sa ga maciji sun haɗa kai, kullum bayan isha'i suna tsine wa mutum ɗaya da murya ɗaya, abin da wa'azin shekara goma bai samar ba. Babban ɗa da aka ce zai tare da amaryarsa a shiyyar waje ya koyi kame kai. Mai gidan haya shi ma yana samun abin sakawa a bakin salati duk shekara, da ƙari. Da ambaliya ta auka wa Gummi a watan Agustan 2024 ta rusa gidaje masu yawa, waɗanda aka gama musu gini suka yi asarar katifu da buhunan hatsi. Abokan cinikin gwaninmu ko tsinke ba su rasa a sabon gida ba, tunda ko tsinke ba su kai ba. Katanga ɗaya ko biyu da suka kwanta, wannan albarkar tattalinsa ce: daga buhu guda yakan fitar da bulon da wani sai ya fasa biyu, bulo mai tawali'u, wanda in ka murza shi da yatsa yake komawa asalinsa.

Kada kuma a raina kango. A garin Anka, ginin sabuwar fadar sarki da ba a kammala ba shi ya zama matsugunin ɗimbin mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, suka zauna a ciki shekara da shekaru. Da an gama shi an sa ƙofa da masu gadi, ina za su? Haka abin yake a unguwanni: gidan da aka gama iyali ɗaya yake ɗauka, kango kuwa yakan ɗauki iyali uku na 'yan gudun hijira, su toshe tagogi da buhu, su kafa murhu a falon Alhaji. Birkila ya samar da masaukin da hukuma ba ta samar ba, da kuɗin wani, ba tare da mai kuɗin ya yi niyyar sadaka ba. Ladan dai sai a can za a san wanda za a rubuta wa.

Abin tausayi su ne maginan dā, masu tubali da azara. Su a kansu ba su waye ba. Da kaka ta wuce sai a kwaɓa ƙasa, a yi gayya, a ɗora soro, a shafe shi da makuba, kafin ruwan farko mutum ya shiga ɗakinsa. Suna jin kunyar a gan su a kasuwa alhali aikin wani yana kwance, don a ganinsu magini sunansa ne jarinsa. Wannan duhun kai ne ya hana su tara komai. Na yau yana da babur sabo da waya biyu, ɗaya ta masu sabon aiki, ɗaya ta masu tsohon aiki, kowa ya san wadda ake kunnawa.

Wani lokaci maigida yakan rasa haƙuri ya ce sai kotu. Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, alƙalai ba su yi ƙaranci ba. Sai dai kafin a kai ga alƙali, birkila ya riga ya iso zaure da dattawa biyu da limamin unguwa. Zai durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, ni yaronka na. Duk abin da ka yi man daidai na." Dattawa su ce a dubi zumunci, a dubi halin da ƙasa ke ciki, wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa. Kafin a shafa fatiha Alhaji ya ji kunya ta kama shi, ya shiga ciki ya fito da kuɗin buhu ashirin don aiki ya tashi ranar Asabar.

In kuma ta Allah ta kasance kafin Asabar ɗin, nan ma an sauƙaƙa wa magada. Gidan da aka gama shi ke haddasa rigima, kowa yana son ɗakin da ya fi girma. Kango kuwa a yi masa kuɗi a raba, ko a bar wa babban wa ya ƙarasa. Birkila ba ya rashin zuwa ta'aziyya, yakan zo da babban ɗansa wanda ya gaji sana'ar. Bayan addu'a su zagaya su duba ginin, yaron ya ƙwanƙwasa linta ya ce wa magajin ai wanda ya yi wannan aiki bai ji tsoron Allah ba, sai an sauke an sake, amma in an ba da kafin alƙalami a makon nan, aikin ba mai yawa ba ne.